Alamar da Aka Sa wa Ummi a Baki

Tun da na dawo daga Jugu ban huta ba. Wadda ta zo sayen man gyaɗa sai ta nemi kujera, wadda ta zo yi mini barka da zuwa sai ta kwance goyo ta miƙe ƙafa, kuma duk tambayarsu ɗaya ce: "Hajiya Rabi, wai da gaske ne a ƙasar nan gwamnati na yi wa yara lamba kamar shanu?" Na faɗa har muƙamuƙina ya gaji. To ga shi nan tun daga tushe, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta nan, a bar ni in ji da kaskona.

'Yata Saude tana aure a Jugu, cikin ƙasar da muka sani da Dahome, wadda masu ita suka mayar Benin. Mijinta Isufu direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya a kan gida, don haka ragamar gidan tana hannun mahaifinsa Alhaji Mudi, dillalin goro, wanda kakanninsa suka zauna garin tun zamanin fataken Gwanja. 'Yarsu ta fari sunana aka sa mata, shi ya sa ake kiranta Ummi. Bana ta shiga shekara bakwai.

Wata safiya wani direban goro ya yi sallama a ƙofar gidana nan Jega. Ya ce, "Saude ta ce ki bar duk abin da kike yi ki zo. An sa wa Ummi alama a baki a makarantar boko, Alhaji kuma ya ce cire haƙoran za a yi."

Na ce, "Wace irin alama?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ce, "Ni dai abin da aka ce in faɗa ke nan."

Wannan waigen ya fi saƙon tayar mini da hankali. Mutum yana tsakiyar Jega, amma yana tsoron kunnen da ya baro a wata ƙasa! Washegari na ɗaure kayana, na sa daddawa da kuka da kwalbar man shanu na tsaraba, na hau mota zuwa Kamba.

Daga Kamba zuwa Gaya ba wani abin faɗa, mutanen Nijar namu ne, sai dai su ce duwan inda muke cewa kwastan. Da muka haye gadar Kwara muka sauka Malanbil, nan na san na bar gida. Kafin in taso an gaya mini cewa ƙasar juyin juya hali ce, ba sa son mai dukiya, abin da ka mallaka na kowa ne. Ni kuwa dukiyata da ido ke gani ɗaya ce, haƙorin Makka. Saboda haka na ja mayafi na rufe baki, na ƙudurta ba mai ganin dariyata sai na isa.

Wani yaro sanye da kaki, wanda ko gemu bai fara ba, ya zare kwalbar man shanuna ya ɗaga ta sama yana juyawa. Ya dube ni ya ce, "Kamarad!" ya bi da wani dogon Faransanci.

Wata mata da ke bayana ta raɗa mini, "Cewa ya yi mene ne a ciki. Kamarad kuma wai abokiyar gwagwarmaya. Haka ake kiran kowa a nan, har limami."

Na ce ta cikin mayafi, "Gaya masa man shanu ne, kuma ni sa'ar kakarsa ce, ba abokiyarsa ba."

Rabin farko kawai ta fassara. Yaron ya buɗe, ya sa yatsa ya lasa, ya sake sawa, sannan ya miƙo mini. Na karɓa ina Allah ya isa a zuci.

Matar nan sunanta Hajara, mutuniyar Dosso ce, tana sayar da kwanonin sha a Faraku. A mota ta matsa kusa da ni, ta ba ni dabino, ta tambaye ni ina za ni, wurin wa, don me. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza, wannan ko ɓarauniya ce ko 'yar rahoto. Na danne jakata da cinya, na ce mata biki za ni. Daga Malanbil zuwa Kandi, daga Kandi zuwa Faraku, shinge bayan shinge, kowane sai an sauko da mu an jera a rana an ƙare mana kallo. Ba wanda ya yi gunaguni. A motar Jega da tuni an zagi gwamnati tun daga sama har ƙasa, a nan kuwa ko tari mutum zai yi sai ya duba na kusa da shi.

Mun isa Faraku rana ta yi sanyi, motar Jugu ta riga ta tashi. Hajara ta ɗauki ƙullin kayana ta ɗora a ka ba tare da ta tambaye ni ba, ta ce, "Hajiya, ba a bar baƙuwa a tasha. Mu je gidana, unguwar Albarika." Na bi ta, ba don na yarda da ita ba, don kayana na kanta.

Abin da na fara gani a garin nan shi ne mata a kan babur. Mace da ɗaurin ɗankwali, da goyo a baya, da kwando a gaba, tana tsala gudu tana danna wa maza oda! Na ce lalle duniya da faɗi take. Gidan Hajara ɗaki biyu ne cikin gidan haya, maƙwabtanta Dandawa da Bargawa da wani tela Bayarabe, kowa na jefa Hausa yana haɗawa da Faransanci kamar mai dama fura da nono. Ta kawo mini sakwara da miyar gyaɗa, da wani abu ja a waje fari a ciki, wai wagashi, cukun Fulani ne da ake rinawa. Na jira sai da ta kai loma uku kafin na sa hannu. Gaskiya sakwarar Faraku ba ta da ta biyu, wannan ko maƙiyi ya ba ka sai ka yaba.

Da ciki ya ɗauka, sai baki ya saki. Na ce, "Wai ni kam, me ake sa wa yara a baki a makarantun ƙasar nan?"

Ta tashi ta saki labulen ƙofa, ta dawo ta zauna dab da ni. "Ashe bikin ke nan," in ji ta. "Wasu likitoci ne ke bin lakwal-lakwal, makarantun boko ke nan. Su buɗe bakin yaro su shafa wani farin abu a turamensa na ciki. Su dai sun ce maganin tsutsar haƙori ne."

"Mutane fa, me suka ce?"

"Wasu sun ce alama ce. Kin san ana kwasar yara a kai su karatu Kuba, wata ƙasa can bayan teku. To wai wanda aka shafa wa, shi mota za ta zo ta ɗauka. Wasu sun ce na hana haihuwa ne. Ni ban sani ba, Hajiya, baki shi ke yanka wuya. Babbarsu dai tana nan asibitin garin nan, Madam ake ce mata."

Da safe ta raka ni tasha, ta kuma ƙi karɓar daddawar da na ba ta sai da na ɓata rai. Duk da haka da motar ta tashi sai da na laluba jakata.

Hanyar Jugu jar ƙasa ce mai gargada, ga akuya a ƙarƙashin kujerata tana cin bakin zanena. Na ga yadda mutanen ƙauyukan nan ke gaisuwa: su durƙusa su biyu a gefen hanya, wannan ya yi gyaran murya, wancan ya amsa, ba mai niyyar tashi. Mu da ake cewa mun cika doguwar gaisuwa, a zo a ga iyayen gidanmu.

Ina shiga gidan Saude ta rungume ni ta fashe da kuka. "Inna, kin makara. An cire ɗaya shekaranjiya."

Ummi na zaune a kan tabarma, kumatunta na hagu ya kumbura. Da, in ta gan ni, da gudu take zuwa tana ce mini tsohuwa mai ran ƙarfe. Ranar ko murmushi ba ta yi ba. Na jawo ta bakin ƙofa inda haske yake, na ce ta buɗe. A can ciki, ƙasa ta hagu, rami ne ja. Sauran turame uku na ƙurya kuwa, kowanne da wani farin abu kwance cikin tsagoginsa, sumul, kamar an ɗiga kyandir ya daskare. Na sa tsinke na ƙwaƙula, ko gezau. Ba zan ɓoye muku ba, gabana ya faɗi. Abin da ba a haifi yaro da shi ba, kuma ba ya fita, ai dole a tambayi wanda ya sa.

Saude ta ce wanzami ne ya cire da awartaki, mutum biyu suka riƙe yarinyar. Ya ce sauran sai kumburi ya saɓe, ranar Juma'a zai dawo.

Na aika a yi mini iso wurin Alhaji Mudi a zaure. Dattijo ne mai kamala, ba mugu ba. Muka gaisa, muka tambayi bayan rabuwa, sannan na ce, "Alhaji, na ga aikin da aka fara."

Ya ce, "Hajiya, ba a son raina ba. Amma ki duba. Ba su tambaye ni ba, ba su tambayi ubanta ba. An jera yara kamar awaki an buɗe musu baki. Kuma kyauta! Yaushe gwamnatin da ke karɓe wa mutane kaya a hanya ta fara kyauta? Ni ba zan zauna mota ta zo ta ɗauke mini jika ba. Haƙorin yaro ne, famfara za ta yi, wani ya fito mai tsabta."

Maganarsa ta shige ni, don abin da ke raina ke nan. Sai dai ni ban yarda da likitocin ba, ban kuma yarda da wanzamin ba. Na haifi takwas, na ga famfara iri-iri, kuma ban tuna ranar da wani ɗana ya kawo mini turmin ƙurya a tafin hannu ba. Na gaba ne ke zuba, da na kusa da su.

Na ce, "Alhaji, ka ba ni ita in kai ta Faraku, in ga matar da ta sa abin nan ido da ido. Gani ya kori ji."

Ya ce, "Ki kai musu ita har gida? Kura na neman akuya, ke kuma ki ja ta da igiya ki kai mata?"

"Sunana gare ta. In ban dawo da ita kafin Juma'a ba, kada ka ƙara amsa sallamata."

Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Hajara ba ta yi mamakin ganinmu ba. Ta rufe rumfarta ta raka mu asibitin don ta yi mini tafinta, ni kuwa na ɗaure hannun Ummi da gefen mayafina, na ce ko bayi za ta sai da ni. A bakin ƙofa na tsaya na ƙare wa motocin da ke wurin kallo, ina neman wadda ta yi kama da ta kwasar yara.

Madam ɗin ba Baturiya ba ce, ba kuma 'yar Kuba ba. Baƙa ce siririya, mutuniyar Kandi, kuma da ta ji muna Hausa sai ta amsa da irin tasu mai ɗaurin Dandanci. Ta ɗora Ummi a wata kujera mai kwanciya, ta haska fitila, ta leƙa. Sai na ga fuskarta ta canza.

"Mama, wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni na zo yin tambaya, ba ke ba. Me kuka sa mata?"

Ta ajiye ƙaramin madubin da ke hannunta, ta sauke numfashi. Ta ce turamen nan huɗu suna fitowa ne yaro na wajen shekara shida, a can bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye ke ɗauka na famfara ne. Samansu yana da tsagogi matsattsu, abinci na maƙalewa a ciki inda asuwaki ba ya kai wa, daga nan ruɓa ke farawa har ta zama kogo. Abin da suke shafawa wani ruwan roba ne da ke cike tsagogin ya daskare, kamar yadda ake yaɓe tsagar rumbu kafin damina. Ba huda, ba allura.

Na ce, "Wanda aka cire fa?"

Ta dubi Ummi, ta rage murya yadda yarinyar ba za ta ji ba. "Ba zai sake fitowa ba, Mama. Wannan na har abada ne. Kuma lafiyayye ne, ni na duba shi da hannuna."

Baƙin ciki da haushi suka haɗe mini, na rasa wanda zan fara zagi. Na ce, "To ku da kuka san haka, me ya hana ku tambayi iyaye? Kun kama 'ya'yan mutane kun buɗe musu baki ba sallama!"

Ta dubi ƙofa, irin waigen nan nasu. "An ce mu je, mun je. An ce wa mushen lakwal, malamin makaranta ke nan, ya jera yara, ya jera. A nan ba a saba tambaya ba, Mama. Laifi ne, na sani."

"Kuba fa?"

"Ban taɓa kai yaron kowa ko'ina ba. Masu zuwa can, ba da baki ake zaɓensu ba."

Haka za ta ce ko da zancen Kuban gaskiya ne, wa ya taɓa jin ɓarawo ya yi shelar kansa? Juma'a na matsowa, kuma in na koma wa Alhaji da "Madam ta ce", ai dariya zai yi mini ya aika a kira wanzami. Na kwance mayafina daga hannun Ummi, na sauke ta daga kujerar, na hau na kwanta.

Na ce, "Sa mini."

Hajara ta dafe ƙirji. "Hajiya!"

Madam ta yi dariya ta ce na yara ne. Na ce in magani ne ba zai kashe tsohuwa ba, in kuma alama ce to a yi mana tare. Ta ga ba wasa nake ba, ta ce in buɗe. Nan fa asirin da na ɓoye tun Malanbil ya tonu, fitila ta haske haƙorin Makka. Ta ce, "A'a, Mama, ashe ke ma an taɓa sa miki alama." Ta bi turamena ɗaya bayan ɗaya tana cewa goro ya cinye wannan, wannan ya lafe kamar dutsen niƙa, har ta samu guda a sama mai sauran tsagi.

Ga yadda ake yi, don ku daina tambayata. Ta wanke haƙorin da wani ɗan buroshi, ta tottoshe gefensa da auduga. Ta shafa wani ruwa mai tsami kamar tsamiya, ta ɗauraye, ta busar da iska. Sannan ta ɗiga farin abin, ta ce kada in motsa harshe. Ina kwance ina karanta duk addu'ar da na sani, ina jiran jiri ko barci ya ɗauke ni. Ba abin da ya ɗauke ni. Ta ce in tashi an gama, na taɓa da harshe na ji sumul, kamar bakin tangaran.

Ranar Alhamis muka koma Jugu. Ban ko sha ruwa ba na wuce zaure da Ummi a hannu. Na ce, "Alhaji, ga jikarka." Sannan na yi abin da ban taɓa zaton zan yi a gaban suruki ba, na wangame baki na nuna masa da yatsa.

Ya kau da kai yana salati. "Hajiya, me ya kai ki?"

Na ce, "Yanzu mu biyu ne masu alama a gidan nan. In mota ta zo, da ni za ta tafi, in ga wanda zai raba ni da ita a Kuban. In kuma cirewa za a yi gobe, wanzami ya fara da nawa, ni ce babba."

Ya ce, "Wa zai sa wa baƙuwa awartaki a baki a gidana?"

"To ba mai sa wa takwarata."

Na kuma gaya masa abin da Madam ta ce game da wanda aka cire. Ya girgiza kai ya ce faɗarsu ce kawai, yaro ai ba ya rasa haƙori, zai fito da yardar Allah. Amma da wanzamin ya zo da safe, daga zaure aka sallame shi da goro.

Na zauna Jugu har wata ya mutu wani ya kama. Kullum in na ji ƙugin babbar mota sai in leƙa waje, hannuna riƙe da na Ummi. Ba wadda ta tsaya sai ta ubanta. Kada ku ce na yarda da su, har gobe ban san abin da ke cikin ruwan robar nan ba, kuma mutanen da ba sa tambaya kafin su yi maka alheri ba za su tambaya ba ranar da suka tashi yin akasinsa. Abin da na sani shi ne na ci wasa-wasar Jugu, dambun garin doyarsu, da shi, na ci goro, na yi salla, ban ji komai ba.

Ranar da zan taho, ina ɗaure kaya a tsakar gida, Ummi na zaune kusa da ni tana ba ni labari. Kumburin ya saɓe, bakinta ya dawo. Sai wani jan gwada ya sauko daga katanga yana gyaɗa kai. Nan take ta datse maganarta, ta rufe baki da hannu biyu.

Na ce, "Ke kuma lafiya?"

Ta cikin yatsu ta ce, "In ƙadangare ya ga giɓina haƙorin ba zai fito ba. Tun ranar nake ɓoyewa, ko ɗaya bai gani ba."

Saude ta dube ni, ta girgiza kai alamar in bar ta. Na so in bari. Amma na hango yarinyar nan tana shekara tana jira, daga baya ta ɗora wa kanta laifi, ta ce wata rana ce ta yi sakaci. Na jawo ta jikina.

Na ce, "Takwara, saurara. Wannan haƙorin ba zai fito ba. Ba ƙadangare ba ne, ba kuma ke ba ce. Irinsa sau ɗaya Allah ke bayarwa. Sauran ukun ki riƙe su da kyau. Sauke hannunki."

Ta sauke a hankali. Na zaci kuka za ta yi, ba ta yi ba. Ta sa harshe ta taɓa wurin, ta dubi ƙofar zaure, sannan ta matso kusa da kunnena.

"To Kaka, kada ki gaya wa Baba Alhaji. Kullum da safe sai ya kira ni ya leƙa ko ya fara fitowa."